Dabara ta 360: Haƙƙin Matambayi a Wurin Ɗaga Ƙarfe

A bayan tashar motar ɗaya daga cikin garuruwan da ke bakin babbar hanyar kwalta, wadda ta taso daga Gidan Runji ta bi ta gefen Maraɗi, ta ratsa Caduwa da Agye da Gazawa ta nufi Tasawa, akwai wani kango marar rufi inda samari kan taru in la'asar ta yi sanyi. Kayan aikinsu ba su da yawa: bututun ƙarfe guda biyu, manyan gwangwanaye da aka cika da siminti aka soke a bakin bututun, tsofaffin ƙarafan birkin babbar mota, benci na katako da kafinta ya ƙara wa ƙafafu, sai guntun madubi jingine da bango. A nan suke ɗaga ƙarfe har a kira magariba.

Ran nan na hangi wani yaro ɗan kimanin shekara 16, wanda na taɓa koyarwa a aji shida, tsaye a bakin kangon. An ce mini kwanansa uku ke nan yana zuwa yana tsayawa, bai shiga ba, bai kuma tafi ba. A rana ta ukun ce ya yi ta maza ya matsa kusa da babbansu, wani ƙato mai faɗin kafaɗa wanda ya haura shekara 30, ya rusuna ya ce, "Yaya, don Allah tambaya gare ni. Me zan yi ƙirjina ya buɗe kamar naka?" Mutumin ya dube shi tun daga ka har ƙafa, ya ce, "Me ka ci yau?" Yaro ya ce fura. Sai ya sunkuya ya zare gwangwanayen simintin ɗaya bayan ɗaya, ya miƙa masa bututun tsurarsa, ya ce, "Kwanta ka ɗaga wannan sau goma, sannu sannu, ina kallonka. Gobe ka huta, jibi ka dawo." Sauran samarin suka bushe da dariya. Ya juya ya tambaye su wane ne a cikinsu bai fara da wannan bututun ba. Dariya ta ɗauke.

Tun daga ranar nake juya wata tambaya a zuciyata, ita ce kuma nake son mu tattauna da mai karatu. Wannan mutum alheri ya yi wa yaron, irin wanda in ya ga dama ya yi, in ya ga dama ya bari, ko kuwa wani haƙƙi ne ya sauke? In kuma haƙƙi ne, ina iyakarsa? Dole ne tsohon hannu ya faɗa wa sabon shiga duk abin da ya sani?

Kada a ɗauki maganar da wasa don an ji ta fito daga kango. A manyan biranen duniya mai son gina jiki yana da mai horarwa wanda ya yi karatun abin, yana da likita kusa, yana da littattafai. A gundumomin Agye da Gazawa da Gidan Runji, a mafi yawan wuraren da samari ke taruwa, makaranta ɗaya ce tak, wato wanda ya riga ka farawa. Abin da ya ce shi ne darasi, abin da ya ɓoye kuwa ya ɓoyu. Sauran ilimin daga wayar salula yake fitowa, inda yaro zai ga hotunan ƙattin Amurka ba tare da wani ya gaya masa abin da ke bayan hoton ba. Ga shi kuma ƙarfin jiki jari ne ga saurayin da ba shi da gona wadatacciya, ba shi da takardar shaidar karatu: da shi ake samun aikin gadi, da shi ake dako a kasuwa, da shi ake fatan shiga soja, da shi ake shiga filin kokowa. Wanda ya kalli fim ɗin Zinder na Aisha Macky, wanda ya fito a 2021, ya ga yadda samarin unguwar Kara-Kara a Damagaram suka mai da ɗaga ƙarfe abin dogaro da abin taƙama, har wasunsu na neman kafa kamfanin gadi da ƙwanjinsu. Abin da ke Damagaram bai yi nisa da Gazawa ba.

Kafin zuwan bututu da siminti, rairayi ne makarantar ƙarfi a wannan yanki. In kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu, ƙauyukan Gobir da na Katsina kan buga ganga a gayyaci maƙwabta, samari su ɗaura walki su fito. Daga irin waɗannan filaye ne aka sami Yakuba Ango, wanda aka fi sani da Kantu, ɗan kokowar Maraɗi da ya ɗauki takobin farko lokacin da gwamnatin Seyni Kunce ta shirya gasar ƙasa a Tawa a 1975, shi ne kuma aka sa wa filin kokowar Maraɗi sunansa. Tsarin gasar shi ne kowace jiha daga cikin takwas ta aika ƴan kokowa goma, kuma kafin a tsai da goman nan sai an tace tun daga gundumomi. Ashe ke nan duk zakaran da aka gani a talabijin, akwai wani dattijo a wani ƙauye da ya fara kayar da shi, sa'an nan ya miƙa hannu ya tashe shi ya nuna masa inda ƙafarsa ta yi kuskure. Kokowa ba ta koyuwa sai da jikin wani, kuma wanda ya fi ka ne ke ba ka aron jikinsa.

Sai dai ƴan kokowa sun raba iliminsu gida biyu, ko da ba su faɗa da baki ba. Akwai dabara, wato kamu da taɗiya da yadda ake karanta nauyin abokin karawa. Wannan a fili take, duk mai ido zai ɗauka. Akwai kuma asiri, wato layu da guraye da abin da malami ko boka ya bayar. Wannan ba a tambaya, in ma an tambaya ba a faɗa. Haka abin yake ga maƙera da wanzamai da maɗora, kowa da abin da yake nuna wa almajiri da abin da yake ajiye wa ɗan cikinsa. Al'adar da ta ce matambayi ba ya ɓata, ita ce dai ta ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Saboda haka wanda zai ce Bahaushe ya gaji buɗe ilimi ga kowa, rabin gaskiya ya faɗa. Mun gaji bayarwa, mun kuma gaji ɓoyo, kuma kowanne da hujjarsa.

Hujjar ɓoyo ba ta taɓa samun mai kare ta kamar Sa'adi, mawallafin nan na birnin Shiraz a ƙasar Farisa, a cikin littafinsa Gulistan da ya rubuta a 1258. Ya kawo labarin wani gwanin kokowa da ya san dabaru 360. Yana da almajiri da yake ƙauna, ya koya masa 359, ya riƙe ɗaya. Da yaron ya ƙasaita, sai ya bugi ƙirji a gaban sarki cewa girman shekaru kawai malaminsa ya fi shi da shi. Sarki ya sa aka share fili. Malamin ya san yaron ya fi shi ƙarfi, sai ya fito da dabarar nan ɗaya, ya ɗaga shi sama ya maka da ƙasa. Sarki ya yi wa malami kyauta, ya tsawata wa yaro. Yaron ya yi ƙorafi cewa da ɓoyo aka kayar da shi, malamin kuma ya amsa cewa ai don irin wannan rana ya yi ajiyar.

Na daɗe ina jayayya da wannan hikaya, kuma ban iya watsar da ita gaba ɗaya ba, domin tsoron malamin ba na banza ba ne. Duk wanda ya koyar da ƙarfi yana rainon wanda zai kayar da shi. Issaka Issaka na Doso ya ɗauki takobi na shida a Agadas a ƙarshen 2023, abin da ba a taɓa yi ba kafinsa, amma shi da duk wani zakara sun san cewa mai kayar da su yana nan tafe, wataƙila ma yana cikin yaran da ke riƙe musu ruwa. Haka ƙaton kangon nan: matsayinsa a unguwa, da gaisuwar da ake yi masa, da ɗan aikin gadin da ake kiransa in an yi biki, duk a kan kasancewarsa mafi faɗin ƙirji suke tsaye. Yaron da ya miƙa wa bututu, nan da shekara biyar yana iya karɓe duk wannan. Ba adalci ba ne mu da ke zaune a inuwa mu ce masa bayarwa ba ta da ciwo.

Amma a dubi abin da malamin Sa'adi ya yi da kyau. Dabaru 359 da ya koyar na gaskiya ne, babu gurɓatacciya ko ɗaya a ciki. Wadda ya riƙe, rashinta bai sa yaron cikin haɗari ba sai ranar da yaron da kansa ya zaɓi ya zama abokin gaba. Iyakar cutarwar kuma faɗuwa ce a kan rairayi da jin kunya a gaban sarki. Ya tashi ya kakkaɓe jikinsa ya tafi gida da ƙafafunsa. Shiru malamin ya yi, bai yi ƙarya ba.

Wanda ya tsallaka daga shiru zuwa ƙarya shi ne Arnold Schwarzenegger, kuma da bakinsa ya faɗa. A cikin fim ɗin Pumping Iron na 1977, wanda aka ɗauka a kan gasar Mr. Olympia ta birnin Pretoria a 1975, shekarar da Kantu ya ɗauki takobi, ya nuna yana dariya cewa in abokin takara ya zo neman shawararsa, ba shi wahala ya ba shi gurguwa. Daga baya ya ce wasu maganganunsa na cikin fim ɗin ya ƙara musu gishiri ne don abin ya yi armashi. Ko ma yaya ne, maganar ta nuna inda iyakar take. Tsakanin zakaru biyu da suka san junansu, suka san gasa suke, ana iya kiran wannan wayo, ko da yake wayo ne marar daɗin ji. Yaron da ya rusuna ya ce "Yaya" kuwa bai shigo gasa ba. Ya zo ya ajiye jikinsa ne a gaban wanda ya fi shi sani, ba shi da ma'aunin da zai gane shawara mai kyau daga maras kyau, kuma sakamakon ba zai bayyana ba sai bayan watanni, a gadon bayansa ko a hantarsa. A. H. M. Kirk-Greene, a ɗan littafinsa Mutumin Kirki na 1974, ya lissafa halayen da Hausawa ke auna mutum da su, karamci yana ciki, amana ma tana ciki. Da farko na ɗauka maganarmu ta karamci ce. Yanzu na fi ganin ta amana ce, domin mai karamci yana da damar ya ce yau ba ni da shi, wanda aka ba ajiya kuwa ba shi da wannan damar.

To, mene ne dabaru 359 na ɗaga ƙarfe? Abin mamaki, babu asiri a cikinsu, kuma ba su da daɗin ji. Babbarsu ita ce lokaci. Girkawan da suna ba da labarin Milo na birnin Kroton, ɗan kokowar ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wanda ya ci gasar Olimfiya sau shida; an ce ɗan maraƙi ya riƙa saɓawa a kafaɗa kullum, maraƙi na girma ƙarfinsa na ƙaruwa, har ya wayi gari yana ɗaukar bijimi. Labarin ko tatsuniya ne, ƙa'idar da ke ciki ita ce likitan sojan Amurka Thomas DeLorme ya tsara a 1945 don farfaɗo da sojojin da suka ji rauni: a ƙara nauyi kaɗan kaɗan, gwargwadon yadda jiki ya saba. A makonnin farko ƙarfin sabon shiga kan ƙaru da sauri, amma yawancin wannan daga jijiyoyi ne da ke koyon aiki tare. Kaurin tsoka da ido zai gani sai an yi watanni. Tsoka kuma a lokacin hutu da barci take ginuwa, shi ya sa aka ce wa yaron gobe ya huta. Wanda ya yi gaggawa ya rungumi abin da ya fi ƙarfinsa, da baya a tanƙware, ciwon kwankwaso ko gocewar kafaɗa ke jiransa, alhali da wannan bayan ne zai yi noma da damina.

Sai abinci, kuma a nan ne tambayar "me ka ci yau?" ta fi burge ni. Wannan jiha ce da yunwar 2005 ta fi yi wa ɓarna, kuma samarin da ke cikin kangayen yau, da yawansu a kusa da wannan shekara aka haife su. Gaya wa irin wannan saurayi cewa sai da garin furotin na gwangwani daga Turai jiki ke ginuwa zalunci ne, domin kuɗin gwangwani ɗaya ya isa sayen tiyoyin wake masu yawa, kuma maganar ma ba gaskiya ba ce. Wani nazari da masana na jami'ar McMaster ta Kanada suka jagoranta, wanda aka buga a 2018, ya tattara gwaje-gwaje da yawa ya nuna cewa amfanin furotin ga mai ɗaga ƙarfe kan tsaya ne a wajejen giram 1.6 a kan kowane kilo na nauyin jiki a rana. Saurayi mai kilo 60 yana bukatar abin da bai kai giram 100 ba ke nan. Giram 100 na busasshen wake yana da furotin wajen giram 23, gyaɗa wajen 25, gero wajen 11, ƙwai ɗaya wajen 6. Ga ƙuli-ƙuli, ga awara, ga nonon jar akuyar Maraɗi, ga soyayyar fara da ake sayarwa a kasuwanninmu, wadda fiye da rabin busasshen nauyinta furotin ne. Nijar na sahun gaba a duniya wajen noman wake. Tsohon hannu da ya zauna ya yi wa yaro wannan lissafi da abin da ke cikin tukunyar gidansu, ya ba shi abin da wayar salula ba za ta ba shi ba. In kuma ya ga gidan ko waken babu, gaskiyar da ta rage ita ce ya ce masa ya rage nauyi ya dakata sai kaka.

Yanzu mun iso ga dabara ta 360, wadda saboda ita na ɗauki alƙalami. A wurin ɗaga ƙarfe, abin da ake ɓoyewa allura ce da ƙwaya. Akwai magungunan da ke kwaikwayon sinadarin namiji, waɗanda ke kumbura tsoka fiye da yadda aiki da abinci kaɗai za su yi. Schwarzenegger da kansa ya amsa cewa ya yi amfani da su a zamanin da doka ba ta hana ba. Amurka ta sa su cikin magungunan da ake tsare sayar da su a 1990, aka kuma kafa hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni a 1999. Illarsu sananniya ce a wurin likitoci: suna taɓa hanta da zuciya, suna ƙanƙantar da ƴaƴan maraina su rage ƙwayar haihuwa, suna iya fito wa namiji da nono, yaron da bai gama girma ba kuma suna iya tsai da tsawonsa. A wajenmu abin ya ƙara rikicewa, domin abin da mai tallan magani ke ɗauke da shi a ka sau da yawa ma ba wannan ba ne. Akwai ƙwayar sa ƙiba irin su deksametazon, wadda ke tara ruwa da kitse ta kumbura fuska, mai sha ya ɗauka ya cika, alhali in an daɗe ana sha tsokar ma cinye ta take yi, ta raunana ƙashi, ta tayar da sukari. Akwai tramol, wanda ba ya ƙara ƙarfi ko kaɗan, ciwo kawai yake rufewa, mutum ya ci gaba da ɗaga ƙarfe a kan rauni bai sani ba, ga kamu, ga farfaɗiya.

A ce babban kango da irin wannan ya gina jikinsa, yaro kuma ya tambaye shi sirrin. In ya ce aiki ne kawai da wake, bai ambaci wata ƙarya ƙarara ba, tunda ya yi aikin ya kuma ci waken. Amma ga abin da zai biyo baya. Yaron zai yi wata shida yana bin umarni, ya dubi guntun madubin nan ya ga bai kama hanyar zama kamar yayansa ba. Zai ɗauka shi ne rago, ya ƙara nauyin da ya fi ƙarfinsa. Ko kuwa ya ji raɗe-raɗi a bakin tsaransa, ya tafi wurin mai talla shi kaɗai, ba mai gaya masa komi. Wannan shirun ya bambanta da na malamin Sa'adi, domin ya gurɓata sauran 359 ɗin: ya sa an auna aikin gaskiya da ma'aunin ƙarya.

Sai dai mai ɓoyewar yana da amsa, kuma amsar tana da nauyi. Zai ce, in na faɗa masa ai na nuna masa hanya. Yaro ne, illar ba za ta shiga kunnensa ba, sunan maganin kawai zai riƙe. Na yarda haka na iya faruwa, kuma duk malamin makaranta ya san irin wannan tsaka mai wuya, domin mu ma muna fama da ita duk lokacin da za mu yi wa ɗalibai maganar abin da muke tsoron su gwada. Duk da haka na fi karkata ga faɗa, da sharaɗin a faɗa duka. Sunan maganin ba ɓoyayye ba ne, yana bakin kowa a tasha. Abin da yaron ba zai samu a ko'ina ba shi ne mutumin da yake girmamawa ya dube shi ya ce, na sha, ga abin da ya ba ni, ga kuma abin da ya karɓe mini. Wannan furuci yana da tsada, don yana rage wa mai yin sa kwarjini a gaban yaransa. Yana cewa ne wani kashi na ƙirjin nan da kuke sha'awa saye na yi. Mafi muni a cikin duka shi ne na uku, wanda zai faɗi sunan ya ɓoye illar, musamman in shi ne mai sayarwa. Wannan ya mai da tambayar yaro kasuwa, kuma ban ga wata al'ada ko wani addini da zai ba shi mafaka ba.

Akwai wani laifin da ba a cika lura da shi ba, don kamar kirki yake. Shi ne na mutumin da ba ya iya cewa ban sani ba. An tambaye shi a gaban jama'a, girma ya hau kansa, sai ya ba da fatawa a kan ciwon gwiwa, da kumburin mara, da bugun zuciya, duk da murya ɗaya. Jikinsa kawai ya sani, shi ma rabi. Ya manta cewa wani abin gado ne, akwai wanda ƙashinsa da tsokarsa suka fi na wani karɓar aiki tun daga haihuwa. Yaron da ya ce yana jin wani abu na fitowa a matsematsinsa in ya yi nishi, asibiti ya kamata a tura shi a duba ko ƙaba ce, ba a ce masa ya daure ba. Malamanmu na zaure sun daɗe suna koyar da cewa ɓoye ilimi laifi ne, yin fatawa ba da sani ba kuma laifi ne, kuma ba su taɓa ganin saɓani tsakanin biyun ba.

Haka kuma taimako na iya zama igiya. Tsarin ubangida da yaro tsoho ne a ƙasar Hausa, yana da alherinsa, amma a wurin da jarin ƙarfi ne, yaron da aka koya wa ɗaga ƙarfe yau ana iya kiransa gobe ya rama da damtsensa, a rikicin unguwa ko a taron siyasa. Ladabi da gaisuwa da share kango da ɗebo ruwa, duk wannan haƙƙin mai koyarwa ne. Abin da ya wuce nan, bashi ne da ba a gaya wa yaron ba ranar da ya ci shi.

Me ya sa na nace cewa haƙƙi ne? Don babu mai faɗin ƙirji da ya gina kansa shi kaɗai, kuma aikin da kansa yana tona wannan. Duk wanda ya kwanta a benci da nauyi a saman maƙogwaronsa, sai wani ya tsaya a kansa, hannuwa a ƙarƙashin bututun, bai taɓa ba bai kuma janye ba. In ya ɗaga masa ya hana shi ƙaruwa, in ya waiwaya ƙarfe ya danne shi. Babban kango ma haka yake bukata, kuma sau da yawa wanda ke tsaye a kansa ƙaramin da ya koyar ne. Ilimin da ke kansa wani ya ba shi kyauta a wani kangon, ba zai kuma iya mayar wa wancan ba. Hanyar biya ɗaya ce, ita ce ta ƙasa da shi. Mutanen wannan yanki sun ga irin haka a gonakinsu. Sassaben zamani, wato barin tohon kututture ya girma a gona maimakon a sare, wanda Tony Rinaudo ya fara yaɗawa a jihar Maraɗi a wajejen 1983, daga bakin manomi zuwa kunnen manomi ya bazu, ƙauyuka irin su Ɗan Saga a gundumar Agye suka yi suna da shi, har aka ƙiyasta ya kai kadada miliyan 5 a Nijar. Da waɗanda suka fara ganin amfaninsa sun mai da shi asirin gida, da iska na nan tana kwashe ƙasar maƙwabtansu tana kuma bi ta kan tasu.

Mu malamai da shugabannin ƙungiyoyin al'adu mun saba wuce waɗannan kangaye da sauri, muna yi musu kallon matattarar zauna-gari-banza. Amma ɗalibanmu na can da la'asar, kuma maganar ƙaton nan ta fi tamu shiga kunnensu a kan abin da ya shafi jikinsu. A zamanin samariya an san sarkin samari, ana kiransa a yi shawara da shi. Ban ga abin da zai hana malamin kimiyyar halitta, ko malamin wasanni, ko ma'aikacin asibitin gari, ya je ya zauna da manyan kangon unguwarsu a kan tabarma ɗaya ba, ya kai musu lissafin wake da bayanin hanta, shi kuma ya koyi yadda ake tsai da dariyar samari goma da tambaya ɗaya. Sai dai wanda zai je ya tafi da niyyar tambaya, don su ma sun san bambancin mai neman sani da mai neman ba da umarni.

Bayan damina na sake bi ta bayan tashar. Yaron nan yana nan, ƙirjinsa bai buɗe yadda ya so ba, amma kafaɗunsa sun miƙe, an kuma mayar wa bututunsa ƙananan gwangwanaye biyu. Ina tsaye wani ɗan ƙarami ya matso daga bakin ƙofa, ya wuce babban da ke zaune yana firfita gawayin shayi, ya tsaya gaban tsohon ɗalibina ya ce masa Yaya. Ɗalibin ya rikice, ya waiwayi maigidan. Shi kuwa ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Kai ya tambaya." Yaron ya ɗan yi jim, sa'an nan ya tambayi ƙaramin abin da ya ci, ya sunkuya ya fara zare gwangwanayen.